Na bar gorar ruwa a ɗaki

Filinge, daren Talata

Wata bakwai ke nan rabona da Damagaram. In ba gudun asuba ba, ban ga abin da ke riƙe ni a garin nan ba.

Asabar ce tseren ma'aikata, kilomita goma, kuma na ci burin gamawa cikin minti hamsin. Yau na bar gorata a ɗaki, wai nauyinta ke rage mini sauri. Wauta ce. Ina juyowa daga hanyar Tabla harshena ya bushe, jiri ya ɗebe ni, na zube gindin wani gawo kusa da rijiya.

Wata tsohuwa ta kawo ruwa a ƙwarya. Na kai hannu zan kwankwaɗe, ta janye.

"Huta tukuna, ɗana. Ko jaki ba a ba shi ruwa yana haki. Wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Inna."

"To, kai ka koro kanka."

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta. Kurɓi-kurɓi ta ba ni har idona ya washe.

Asabar da ruwa zan fita, ko da na zo na ƙarshe. Tun damina nake fama, daƙiƙa arba'in kacal na iya ragewa daga lokacin da nake gama kilomita goman.