Iyakar Gona Bayan An Sare Gawo

Makoda,
Afrilu, 1985.

Zuwa ga Yaya Muhammadu Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Ikko, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Inna ta rame ƙwarai tun rasuwar Baba, amma tana tashi. Rumbu kam kada ka tambaya, ɓera ma ya yi ƙaura.

Maganar iyakar gonarmu da ta Baffa Sabo ce ta sa na rubuto. Ka tuna yadda Baba yake fitar da ita: ya jingina da kukar gabas, ya rufe ido ɗaya ya hangi gawon yamma, ya tsayar da mu a tsakani yana cewa mu matsa kudu ko arewa, har sai mun tare masa gindin gawon. To gawon nan babu shi yanzu, rairayi ya shafe gurbinsa. Gambar da ke bin iyakar kuma dabbobi sun cinye ta har saiwa.

Mun je da mai unguwa, aka ɗaura igiya a kuka. Baffa ya ja ta ya kai wani wuri, ni na kai wani, tsakaninmu kunya goma sha biyu. Ban ce ƙarya yake yi ba, ni kaina ban tabbata ba. Malam Iliyasu na firamare ya zana mana a ƙasa, ya ce miƙaƙƙen layi sai da ɗigo biyu, daga ɗigo ɗaya kuwa layi dubu ma sai ya fita, kowanne miƙaƙƙe. Mai unguwa ya ce in ba a sami shaida kafin ruwan shuka ba, igiyar Baffa za a bi, tunda shi ne babba. Kunyoyin nan kuwa su ne kwarin da ya ba mu ɗan gero bara.

Inna ta ce akwai ɓarin dutsen niƙa da kai da Baba kuka binne a kan iyakar shekarar da aka raba gona. In aka same shi, daga kuka zuwa dutsen igiya za ta faɗi gaskiya da kanta. Na yi haƙa har hannuna ya yi kanta, ban dace ba. Don Allah ka zo kafin ruwa ya sauka.

Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya gaji. Ba ɓarayin itace suka sare gawon ba kamar yadda na faɗa a gida, ni ne. Lokacin da 'yata Mairo ta kwanta babu ko tsaba a gidan, na sare shi, na tone kututturen, na musanya da gero. Kwana tara tana shan kunun, sannan Allah ya karɓi abarsa. Ga yarinya babu, ga iyaka babu.

Ka gai da Yaya Furera da su Khalilu. Inna tana gaishe ka. Kullum bayan sallar asuba sai ta yi wa wanda ya sare gawon Baba Allah ya isa, ni kuma ina tsugune gabanta ina cewa amin.

Naka ƙaninka,
Basiru