Gidanmu Ba Shi da Lamba

Doña Amparo, don Allah ki ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Shekaruna ashirin da bakwai, goma sha tara a ruwa na yi su. Iyon rigingine nake yi, mita ɗari biyu, sau uku ina wakiltar Kolombiya. Saura mako bakwai a yi gasar tantancewa, kuma ina jin ita ce ta ƙarshe a gare ni.

Ƙa'idarmu ita ce kullum sai na rubuta wa masu binciken ƙwayoyin ƙara kuzari awa ɗaya da wurin da za su same ni, su ɗauki fitsarina ba sanarwa. Wanda aka nema aka rasa sau uku a shekara dakatar da shi ake yi, ko bai taɓa shan komai ba. Ni an rasa ni sau biyu. Na farko mantuwa ce, koci ya sauya lokacin atisaye ban gyara ba. Na biyu ranar da mahaifina ya faɗi a gonar kofi, na hau mota sai ƙauye, na bar adireshin Cali, garin da nake zaune, yadda yake.

Wata huɗu ke nan ban koma ba. Rabin jikinsa ya shanye, an ce kullum sai ya tambaye ni. Mahaifiyata ta ce wai su mutanen nan mijina ne, da sai na sanar da su inda zan kwana? Yayana Wilmer kuwa cewa ya yi kifin gidanmu ya zama ɗan birni, ruwan rafi ɓata masa ciki yake yi.

Nakan ce musu gidanmu ba lamba, waya ba ta kamawa, in ma'aikaciyar da aka aiko ɗaukar fitsarin ta ɓata a hanya ni za a hukunta. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne dole ma'aikaciyar ta shiga makewayi tare da ni ta ga ina fitsarin da idonta, makewayinmu kuwa rami ne a bayan akurkin kaji, buhu ne ƙofarsa. Ban taɓa rubuta wa masu binciken gidanmu ba ko sau ɗaya. In je ne, ko in bari sai bayan gasa?

Mai Rigingine, Cali

'Yar'uwa Mai Rigingine,

Tsoronki na farko yana da hujja. Kuskure na uku zai iya rufe aikin shekara goma sha tara, kuma danginki ba su san nauyin wannan doka ba. Ki yi wa mahaifiyarki bayaninta kamar yadda kika yi mini.

Sai dai wannan tsoron ana maganinsa da biro. Ki rubuta kwatance dalla-dalla: inda mota ke tsayawa, gada, gida na nawa. Ki haɗa da hoton ƙofa da lambar maƙwabcin da wayarsa ke kamawa, ki aika kafin ki bar Cali, ki nemi a tabbatar miki a rubuce cewa ya wadatar. Ki zaɓi awar safe ki zauna cikinta, ko kanti kada a aike ki. Ki shaida wa koci. Juma'a zuwa Litinin ba atisayen iyo zai ɗan taɓa ki, amma zai san yadda zai cike.

Na biyun kuwa, matar da sana'arta tsayawa kan masu fitsari ta ga abin da ya fi buhu. Doka ta ce a same ki, ba ta ce a same ki kan tayil ba. Wilmer ya yi baƙar magana, amma ya hango wani abu.

Ki tafi wannan makon. Ranar gasa a rubuce take, kin san ta. Ta mahaifinki ba wanda ya ba ki jadawali.

Allah Ya ba shi sauƙi, ke kuma Ya sa ki riga kowa taɓa bangon ƙarshen tsere.

Amparo