Takardar Firamarenka da Shaidar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Turai, ya Anti Bilki da yara? Mu a Gyaɗi-Gyaɗi lafiya, sai ciwon ƙafar Inna.

Na samo takardar firamarenka da sabuwar majalisar farar hula ke nema kafin a naɗa ka jakada. Sai dai sunan unguwa hedimasta ya sa maka, ba sunan Baba da ke kan digirorinka ba. Kwana huɗu ina sintiri zuwa kotu a Tarauni neman takardar rantsuwa cewa duk sunayen biyu naka ne. Wallahi na gaji.

Inna ce ta dangwala shaida. Da magatakarda ya tambaye ta ko ta san ka, ta ce, “Ni na haife shi, amma rabona da shi shekara tara.”

A sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza