Ɗana Ne Kuka Nuna a Shirinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan talabijin ɗin da ke watsa shirin muhawarar addini da Hausa ta tauraron ɗan'adam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni dattijo ne, mazaunin unguwar Shisha a Makka. Daga ƙasar Kano na zo aikin Hajji ina saurayi, ban koma ba. Sana'ata tura tsofaffin alhazai a keke wajen ɗawafi, lokacin Hajji kuma ina dako a Mina.

Saurayin da kuka gayyato bayan Hajjin bana, wanda ya ce ya daina yarda akwai Allah, ɗana ne na fari. A talabijin ɗin shagon aski na gan shi, bayan la'asar, ina cikin mutanen unguwa. Rabona da shi tun da ya tafi Najeriya karatu, daga can ya wuce Turai. Abin da na fara lura da shi, ya rame. Sai daga baya kunnena ya kama abin da yake faɗa. Mai aski ya miƙa hannu zai kashe, na ce ya bari.

Ranka ya daɗe, ban yarda da kalma ɗaya cikin maganarsa ba. Kullum da idona nake ganin Ka'aba, kuma a kan imanina nake fatan cikawa. Amma ina da ƙorafi a kanku.

Na farko, kun nuna hotonmu. Hoton da muka ɗauka a Arfa ne, da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, fuskokinsu a fili, kuka rubuta sunan unguwarmu a ƙasa. Ba wanda ya nemi izininmu. Kun san ƙasar da muke zaune, kun san nauyin irin wannan magana a nan, kuma da yawanmu ba mu da iƙama, wato takardar zama. Mahaifiyarsa tuwo take sayar wa ma'aikata. Tun ranar, sai ta dafa ya kwana. Mai gidan da muke haya ya fara tambayar yaushe za mu tashi. Ni da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barina na ambaci sunansa ba, sai ga shi kun rubuta shi da manyan baƙaƙe haɗe da nawa.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, ba ku bar shi ya ƙarasa magana ba. Mai gabatarwa ya tambaye shi dalili. Ya buɗe baki ya ce ƙanwarsa, sai aka katse shi aka tafi talla. Da aka dawo, malamin da kuka zaunar gabansa ne ke ta ɗaga murya, yaron ma ya harzuƙa ya faɗi abin da bai kamata ba.

Bari na ƙarasa muku. Sunanta Maimuna, ita ke bi masa, shi ya koya mata karatun Alƙur'ani. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, kullum sai ya je Harami ya yi mata ɗawafi, ya dawo da zamzam ya ba ta a baki da cokali. Yakan gaya mata ta kwantar da hankalinta, addu'a a wannan wuri ba ta faɗuwa ƙasa. Allah ya karɓi abarsa. Shi ne ya saka ta a kabari da hannunsa. Bai yi kuka ba, kuma daga nan ya rage magana. Mu mun karɓi ƙaddara, shi ta tsaya masa a wuya. Da kun ƙyale shi ya faɗi wannan, wataƙila malamin nan da ya sassauta murya ya yi masa magana irin wadda ake yi wa mai ciwo.

Na uku, kun yanki inda ya fi zafi kuna ta maimaitawa don tallar shirinku. Yanzu yana yawo a wayoyi, wasu na zaginsa, wasu na neman jininsa. Dattawan unguwa sun same ni har gida, suka ce na tashi a masallaci na tsine masa don a ƙyale mu. Na ba su haƙuri. Bakin da ya yi masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi ba zai iya ba. Shi kuwa yaron ya rufe wayarsa. Mahaifiyarsa na ta kira, ba ta shiga.

Don haka ina roƙonku ku cire hoton iyalina da sunan unguwarmu daga duk inda kuka sa. Ku daina maimaita wannan yanki. Idan kuma za ku sake zaunar da ɗan wani a kan irin wannan batu, ku saurare shi har ƙarshe, ku haɗa shi da malami mai haƙuri.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Ma'aikatanku sun san inda suka same shi. Don Allah a gaya masa ba mu tsine masa ba, kuma ba za mu yi ba. Kullum yana cikin addu'armu. Ba sai ya shirya mana wata amsa ba. Ya kira kawai, ko gaisuwa ce, uwarsa ta ji muryarsa ta samu ta ci abinci.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya shirya maka zuri'a, ya tsare ka daga ganin ɗanka yadda na ga nawa.

Wassalam.

Mahaifin yaron,
Shisha, Makka.