Ku Mayar Mini da Ƙarshen Maganata

Zuwa ga Alhaji mai kantin iri da taki na kusa da tashar Tanut,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Yaya zafi? Allah ya kai mu damina lafiya.

Sunana Malama Habsatu, daga Ollelewa. Ina karantar da matan aure a zauren gidanmu bayan la'asar, ina kuma noma ƴar gonata. Fuskata ba lalle ku tuna ta ba, amma muryata kun san ta. Sau biyu na zo kanti aka ce kuna Damagaram, na bar sallahu, shiru. Shi ya sa na rubuta a fili, tunda abin ma a fili ya faru.

Na farko. Bara, gab da faɗuwar damina, na sayi tiya biyu na sabon irin hatsin da kuka kawo daga kudu. Da hannunku kuka auna mini. Kuka ce duk wanda ya ji daɗin kayanku ya taimaka ya aiko muku da saƙon murya, bokal ɗin nan, ku kuma ku baza shi a gurup-gurup na waya don kanti ya sanu. Ban ga aibu ba. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin a faɗi alherinsa.

Ruwa ya riga zuwa mana a Ollelewa, na shuka irin a gefen gabas na gona. Bayan mako uku na je da sassafe. Alhaji, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ganye mai faɗi, raɓa kwance a kansa, iska na kaɗa shi a hankali kamar ana shafa kan jariri. Na daɗe tsaye har na manta hauyar da ke kafaɗata. Nan na ɗauko waya na yi magana. Na ce na shuka, ya fito da kyau, ido ba ya ƙoshi da kallonsa. Sai na ja numfashi na ƙara da cewa gefe ɗaya kaɗai na ba shi, ban ga kansa ba tukuna, kada kowa ya saki irinsa sai mun ga kaka.

Na biyu. Abin da ya fito daga kantinku ya tsaya daidai inda na ja numfashin. An sa hoton wata gona da ba tawa ba, an sa sunana da garina, an yanke saura. Ban ce ku kuka yanke da hannunku ba, don ban gani ba. Amma daga wayar kantinku ya fito.

Ni kuma ba zan wanke kaina tas ba. Da aka fara tare ni a hanya ana cewa an ji Malama a waya, raina ya yi daɗi. Na ji an yanke, na ce ba komai, gobe zan yi magana. Goben nan ta kai ni har kaka. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ina ta istigfari.

Na uku. Irin ya yi tsawo har ya wuce kan mutum, kara kamar rake. Yana jiran ruwan da a nan ƙasar Damargu ba mu da shi. Ruwa ya ɗauke lokacin da ya saba ɗaukewa, ankutes, hatsinmu na gado, ya riga ya nuna, naku kuwa yana tsaye kore shar, kai babu ƙwaya. Awaki suka ci. Ni ban yi asarar kirki ba, domin na bi shawarar da na bayar. Waɗanda suka ji ni ne ba su ji ta ba.

Akwai wata baiwar Allah, Yahanasu, a wani ƙauye ta wajen Belbeji. Tare muka yi karatun allo, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa. Ruwa ya makara a wajensu, tana cikin jira bokal ɗina ya iso wayar maƙwabciyarta. Tana da irin da ta gada wurin mahaifiyarta, kowace kaka tana zaɓen zangarniya mafi cika ta rataye. Da ta ji ni, ta daka shi suka sha fura, ta aika Tanut aka sayo mata naku, ta shuka gonar duka. Mun haɗu wurin wata ta'aziyya bayan kaka. Ba ta yi faɗa ba, har tsokanata ta yi da zancen bulalar malaminmu. Sai da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce: “Habsu, da wani ne ya faɗa da na yi tambaya. Ke ce.” 

Na huɗu, kuma shi ya tayar da ni. Makon jiya ina kasuwar Tanut wajen masu gishiri, sai na ji wata mata tana magana daga aljihun wani Buzu. Murya mai sanyi, mai farin ciki. Har na juya in ga wace ce, kafin na gane ni ce. Ashe kun sake sakin sa, ana shirin sabuwar shuka.

Tun ranar nake tunanin wannan matar. Ni ban taɓa wuce Aderbisinat ba, ita ta yiwu ta kai Agadas a bayan mota. Tana zuwa bakin rijiyoyi inda ake shayar da raƙuma, tana shiga rugage, tana zama cikin matan Falanko suna sussuka. Ba ta gajiya, ba ta jin ƙishirwa. Kullum tana tsaye a gefen gabas na gonata da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, hatsi yana da mako uku. Ba ta san ruwa ya ɗauke ba. Ba ta ga rumbun Yahanasu ba. Wani lokaci ina cikin biya wa mata karatu sai in ji kamar in miƙa hannu in taɓa kafaɗarta, in ce baiwar Allah dakata, ba ki gama ba.

An koya mana cewa shaida amana ce, kuma rabinta ba shaida ba ce. Matan da ke zama gabana suna karɓar harafi daga bakina ba tare da sun duba ba. Idan maganata a kan hatsi ta zama abin dubawa, ban san da wane baki zan ce musu ga yadda ake alwala ba.

Don haka ina roƙonku abu uku.

Ku daina tura wancan bokal daga yau.

Duk wanda zai saya, ku gaya masa irin nan na ƙasar da ruwa ke daɗewa ne. Wataƙila a can alheri ne. Ban ce kayanku mugu ba ne, na ce ba na jigawarmu ba ne. Kuma duk mai saye da ya ba ku muryarsa, ku kai ta yadda ya ba ku.

Na ƙarshe ya fi mini nauyi. Na yi sabon bokal, na faɗi abin da ya faru daga shuka har kaka, ban zagi kowa ba. Na tura wa duk wanda ke cikin wayata, ba su fi matan zaurena da dangi ba. Hanyoyin da na farko ya bi ku kuka san su. Na aiko muku da shi. Ku sa shi a kowane gurup da kuka sa wancan, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yahanasu kam na kai mata tiya uku daga irina, ba na neman ku biya. Ita na san ƙofar gidanta. Sauran ban san su ba, su ne suka san ni.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya tsare ku daga haƙƙin da ba ku sani ba, ya sa ku gama da iyaye lafiya. Ya ba mu damina mai albarka, mu da ku. Ina duba gabas kowace yamma, Alhaji. Jiya na ga walƙiya can nesa.

Wassalam.

Malama Habsatu,
Ollelewa.