Tsohuwar da Ta Tsaya a Bayana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yaya Ikilima, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Doha alhamdu lillahi. Cikina ya shiga wata na bakwai, ƙafafu sun kumbura, amma likita ta ce ba komai. 'Yata Ummukulthum ta yi wayo, bakin nan sai ka ce rediyo. Na ba Sunusi direba wannan takarda, gobe zai taso gida, don kwanan nan a waya kowa sauri yake ya sallame ni. Duk sanda na ce a ba ni Inna, sai a ce ta tafi ƙauye, can babu sabis.

Ranar Asabar Abban Ummu, mutumin da sai an yi da gaske yake kai mu ko bakin teku, shi da kansa ya ce mu shirya mu fita. Wai ana taron masoya katun da wasannin kwamfuta, kuma ranar ake rufewa. Yaya, ba ki ga manya da gemunsu sun yi shigar dodanni ba! Amma ni abin da ya kai ni daban. A ranar ƙarshe 'yan kasuwar ba sa son komawa ƙasashensu da kaya, sai su karya farashi, kuma kin san ni da ciniki. Na tsaya na taya, na juya kamar zan tafi, aka kira ni. Jakar makaranta da riguna da 'yar tsana duk na kwashe su a arha, har da tsarabar su Atine.

Bayan la'asar wurin ya fara canza kama. Ana kwance rumfuna, an kashe fitilun gefe guda, masu shigar dodanni sun zauna a ƙasa sun cire kawunan sun ajiye kusa da su. A ƙarshen layi muka tarar da wata yarinya 'yar Filifin mai zana mutane, tana haɗa kayanta. Ummu ta kafe sai an zana mu. Na taya rabin kuɗi, ko musu ba ta yi ba. Muka zauna mu uku. Tana zanen tana ɗaga ido sama da kafaɗata tana murmushi, har na waiga, ban ga komai ba sai katakon rumfa.

Da ta miƙo takardar sai na ga mutum huɗu. Wata tsohuwa na tsaye a bayana, ta dafa ni. Ga tsagar shatanin nan a kuncin hagu, ga ɗaurin kallabin da ke zamowa baya, ga ƙaramin yatsan da ƙofa ta datse tun muna yara, a lanƙwashe. Na tambayi mai zanen ina ta samo wannan, ta ce ai tare muka zo, ta ɗauka kakar yarinyar ce, kuma ba ta sa kuɗinta a ciki ba. Yarinyar da ba ta taɓa taka Gusau ba, Yaya, ina ta san yatsan Inna?

Na juya ga Abban Ummu ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya kawar da kai, na ga leɓensa na motsi da innalillahi, ya naɗe takardar a hankali. Har muka sauya jirgin ƙasa a tashar Mushairib bai iya haɗa ido da ni ba, kuma tun ranar lallaɓa ni yake kamar ƙwai.

Na san al'adarmu, ba a gaya wa mai ciki da ke nesa. Na san tausayina kuke ji. Amma ni 'yarta ce, kuma wannan zaman ya fi kowane labari ciwo. Kullum na idar da salla sai in ɗaga hannu in rasa abin da zan roƙa mata.

Ki gaishe da Kawu Ɗalhatu, da Yusif da iyalinsa, da Atine da Sadiƙ. Inna kuwa, in tana nan, ki sa ta kira ni ko tari ne in ji. In ba ta nan, don girman Allah ki faɗa mini ranar, in fara yi mata addu'ar da ta dace da ita.

Wassalam. Ƙanwarki,
Zaituna