Gwiwa Ɗaya, Gasa Biyu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mama da Yaya. Ya ciwon bayan? Takarda na rubuto, don na san in waya ce, "me kika ce?" zai cinye rabin hirar.

Jiya likita ya duba hoton gwiwata. Ya ce gasa ɗaya ta rage mata, daga nan sai aiki, bayan aikin kuma ni da tanis sai kallo. Na ce to. Har na tambaye shi inda ya sayi agogon bangonsa. Ban ji komai a raina ba, Baba, har yanzu ban ji ba.

Gasa biyu ke gabana, mako uku tsakaninsu: babbar gasar filin ciyawa da Olamfik. Koci ya ce in nemi kofin filin ciyawa. A ganinsa duk wanda ya ɗaga ɗaya daga manyan kofunan tanis ɗin nan huɗu, har ya tsufa da shi za a riƙa kiransa, domin sai ka ci wasa bakwai a jere, kuma babu gwanin da ke ƙin zuwa. Mai ɗaure min igiyar raket ya ce lambar zinare ta Olamfik ta fi. Kofi sau huɗu ake ɗagawa a shekara, ita kuwa sai an jira shekara huɗu, kuma ko wanda bai san tanis ba ya san darajarta. Sun kusa daina gaisawa a kan gwiwar da ba tasu ba.

Shekara ashirin kai da Yaya kuna wannan musun a gaban talabijin, abinci na hucewa, Mama na faɗa. To ga shi ya biyo ka har gida. Ka zaɓar min, abin da ka ce shi zan yi.

Ka gaida kowa.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Na san Koci ya kira Yaya, amma gara ka ji daga wurina.

Ranar Talata da safe ina atisaye, ƙwallo ta bugi raga ta gangaro ta tsaya a bayana. Na gan ta. Kowa ya san ba a ci gaba da wasa sai an kawar da ita. Amma hankalina yana can yana auna kofi da zinare, na ce bari in gama wannan zagayen tukun. Na ja da baya zan tare wata da ta yi sama, na taka waccan da ke ƙasa. Na ji ƙara kamar an karya busasshen icce. Ranar Alhamis aka yi aikin.

Tagar ɗakina na asibiti tana kallon wurin ajiye motoci, su nake kallo suna shiga suna fita. Koci da mai ɗaure raket tare suke zuwa yanzu, su zauna suna hirar ruwan sama. Duk wanda ya shigo sai ya share hawaye, ni ce mai ba da haƙuri. Ina ci, ina barci, kada Mama ta damu.

Wasiƙarka ta iso jiya. Na gane rubutunka a bayan ambulan, na sa ta a aljihun jaka ban buɗe ba. Kada ranka ya ɓaci. A yanzu kofin da zinaren nauyinsu ɗaya a wurina, babu wanda nake ji. In na karanta abin da ka zaɓa, zan san wanda na rasa, kuma ban shirya ba.

In kun zo, don Allah kada ka faɗa min. Ka ja wa Yaya kunne, ka san bakinsa.

Allah ya kawo ku lafiya.

'Yarka,
Auta